In ka tsaya taimakon wanda mota ta lalace wa a hanya, me za ka fara yi?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai bin manyan hanyoyinmu ya san wannan. Mota ta tsaya wa mutum tsakanin Zariya da Kwanar Dangora, ko bayan an wuce Potiskum, rana tana dukan ƙeya, ga mata da yara a ciki. Kafin rabin awa za ka ga wani ya jingine babur, wani manomi ya taho daga gona da jarkar ruwa a kafaɗa, wani mai Golf ya ci birki ya dawo da baya. Ba su san shi ba, galibi ko sunansa ba za su tambaya ba. Allah ya saka musu da alheri. Abin da yake damuna shi ne sau da yawa taimakon ne yake ƙarasa motar, wani lokaci ma ya ƙarasa mai rauni. Muna da masu sana'a a nan. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya sani: me ake fara yi, me kuma ba a yi ko kusa?

Direban Tirela:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya taɓa bonet, a fara kare wurin. Mai taimako ya wuce gaban motar da ta lalace, ya sauka daga kwalta gaba ɗaya, ya kunna sigina biyu. Kada ya tsaya daura da ita a ɗaya gefen, don kun matse titin ke nan. A fitar da kowa daga cikin motar, su yi nesa da titi. Zama a inuwar mota ta baya shi ne wuri mafi haɗari, kuma nan mata suka fi shimfiɗa zani su zaunar da yara.

Alamar nan mai kusurwa uku, mutane suna ajiye ta taku biyar daga bamba, wannan ba ta da amfani. Tirelar da ta ɗauko siminti buhu 600, tan 30 ke nan ban da nauyin motar. In tana gudun kilomita 80, a kowace daƙiƙa tana cin mita 22. Kafin direba ya gani, ya ɗaga ƙafa, birkin iska ya kama, an wuce wurin. A kai alamar taku 100 a babbar hanya. In a bayan kwana ne ko bayan tudu, a kai ta inda mai tahowa zai gani tun bai shiga kwanar ba. In babu alama a sa ganye, jeri uku ko huɗu, amma ban da duwatsu. Kuma in an gama a kwashe. Reshen da aka bari a titi shi yake kayar da mai babur da daddare.

Oga Bakanike:
Gaskiya ne Direba. Ni zan yi magana a kan zafin inji, don nan aka fi yin ɓarna. Allura ta hau ja, tururi yana fita, sai mai jarka ya iso da saurinsa ya kai hannu murfin lagireto. A riƙe masa hannu. Ku duba saman murfin, za ku ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Matsin da yake riƙewa ke nan, kuma saboda matsin ruwan ciki yakan kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ana buɗewa zai tafasa a take ya yi tsiri, fuska da ƙirji yake samu.

A kashe inji, a ɗaga bonet, a jira aƙalla minti 30. Sannan a sa tsumma a matsa babban tiyo na sama. In yana da tauri kamar taya, da sauran matsi, a ƙara jira. In ya yi laushi, a ninka tsumma mai kauri a kan murfin, a kawar da fuska, a murɗa kaɗan har a ji huci, a bari hucin ya ƙare, sannan a cire. A tayar da motar tana silo, a riƙa zuba ruwa a hankali. Ƙaramar mota duka-duka lita 5 zuwa 7 take sha, wato ledar fiya wata 10 zuwa 14. In ruwan kududdufi kawai aka samu, a tace da ƙyalle, in an isa gari a zubar a wanke lagireton.

Maman Ilham:
Oga, to ai kusan kowa kwara ruwa yake yi a kan injin don ya huce da wuri. Shi ma laifi ne?

Oga Bakanike:
Hajiya, babban laifi. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne. Ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ki watsa masa ruwan sanyi, gefe ɗaya ya tsuke ɗaya bai tsuke ba, sai top silinda, wato kan injin, ya lanƙwashe ko ya tsage, gasket ɗin da yake tsakaninsa da jikin inji ya tafi. Gyaran tiyo ya koma sauke kan inji. Garin neman gira an rasa ido. In dole sai an watsa ruwa, a yayyafa a jikin lagireto ta gaba kawai, ban da inji da wayoyi.

Kuma zuba ruwa ba gyara ba ne, sai an nemo inda ya bi ya fita. In tiyo ya fashe kusa da baki, a yanke wurin a mayar a ɗaure da kilif. In a tsakiya ne, a busar da shi, a naɗe da robar tsohon tub sosai, a ɗaure da waya, a rufe murfin lagireto rabi don kada matsi ya taru, a tafi a hankali ana tsayawa ƙarin ruwa. Masu cewa a fasa ƙwai ko a zuba garin kwaki a lagireto, yana iya toshe ƙaramar huda, amma har ƙananan hanyoyin ruwan yake toshewa. Abu uku in an gani a haƙura da tafiya: kumfa tana ta tasowa a bakin lagireto ba ta tsayawa, farin hayaƙi mai yawa daga salansa, ko cikin murfin baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Gasket ya ƙone, sai janwe.

Mai Wayarin:
Ƙari kaɗan a kan maganar Oga. In ruwa bai ragu ba amma mota tana zafi, musamman a cunkoso, a duba fanka. Sau da yawa fis ne ko rile, wato ɗan makunnin da yake ba fanka wuta. A akwatin fis akan sami wani rile iri ɗaya, kamar na hon, a musanya a gwada. Abin da ba a yi shi ne naɗa waya ko takardar sigari a madadin fis. Fis ya ƙone ne don wani abu yana jan wuta fiye da ƙima, in ka hana shi ƙonewa wayoyin ne za su ƙone.

Sai batir. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod suna dusashewa, a fara duba kan batir. In yana motsi da hannu ko ya yi farin gari, a kankare a ɗaure da sifana 10, sau da yawa shi ke nan. In sai an haɗa da wata mota: jar waya a kan alamar + ta mataccen batir, ɗaya bakin a + na mai rai. Baƙar waya a alamar − ta mai rai, bakinta na ƙarshe kuma a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalili, batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma haɗin ƙarshe shi yake tartsatsi. Motocin kada su taɓa juna. Mai rai ta yi minti 5 tana aiki kafin a gwada. Wajen cirewa a fara da wadda aka sa ƙarshe.

Direban Tirela:
A ƙara da cewa manyan motoci wutarsu bolt 24 ce, ƙananan 12. Yaran mota da yawa suna da kirki, za su jawo waya daga tirela don su taimaka, su ƙone wa mutum komai.

Mai Wayarin:
Haka ne Oga Direba. Da kuma al'adar nan ta ɗora batirin aro, a tayar da mota, a cire shi tana aiki a mayar da nata. A tsofaffin motoci masu kafireto an sha yi an tsira. A motar da take da kwamfuta, batir shi yake shanye hawa da saukar wutar altanato, na'urar da take cajin batir. Kana cire shi wuta tana iya yin tsalle ta kashe burenbos, wato kwamfutar motar, ko altanaton kansa. Turi kuma sai mai giyar hannu: makulli a kunne, giya ta biyu, a taka kuloci, in ta ɗauki gudu a saki. Mai atomatik ko garin nan duka za su tura ta ba za ta tashi ba.

Mai Faci:
Salamu alaikum manya. Ɓangaren taya, kuskuren farko shi ne ɗaga mota kafin a sassauta noti. A ja birkin hannu, a sa giya, a sa waigi a tayar da take kusurwa da wadda ta fashe, wato in ta gaba ta dama ce, waigi a ta baya ta hagu. A sassauta notuna rabin zagaye tun taya tana ƙasa. Jak yana da wurinsa a ƙarƙashin gefen mota, inda ƙarfe ya ninku, akwai 'yar tsaga. A rairayi jak nutsewa yake, sai an sa masa katako mai faɗi. Bulo kada a yarda da shi, yana dagargajewa ba sanarwa. Kafin a zare tayar a tura safaya kwance ƙarƙashin mota, in an zare a musanya da wadda aka cire, ko jak ya zame motar ba za ta kai ƙasa ba. Kuma kowa ya janye ƙafa da hannu daga ƙarƙashi.

Wajen ɗauri a fara da hannu don kada zare ya hau karkace, sannan a bi notuna tsallake-tsallake, ba a jere ba. Ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka. Masu hawa kan sifana suna tsalle, ƙarfinsu yake tsinke kusoshin. 'Yar siririyar safayar nan ta motocin Belgium iska 60 take so, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. In za ka ara wa mutum safayarka, ramukan noti su zo daidai, don masu rami 4 ma ba duka suke shiga juna ba. In ta shiga da dole, kada a tafi da ita.

Anti Nas:
Na bari ku gama da ƙarfe ne, saboda ƙarfe ana sayen wani. Ina roƙon kowa ya karanta wannan da kyau.

In hatsari ne, a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, ko 112, duka kyauta ne. A faɗi hanya, gari mafi kusa, mutum nawa suka ji rauni. A kashe injin motar, kada kowa ya kunna sigari. Sannan a fara da wanda ya yi shiru. Mai ihu yana numfashi.

Abin da yake karya mini zuciya shi ne yadda ake fizgo mutum ta taga, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai yana reto. In ƙashin wuya ya tsage, wannan jan shi yake yanke laka, mutumin da zai warke ya shanye har abada. In babu wuta, kuma ba a tsakiyar titi yake ba, a bar shi inda yake. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya tallafe kan da tafukan hannu biyu a kan kunnuwa, yana yi masa magana. In dole a ɗauke shi, mutum huɗu, a kan katako ko ƙyaure, kai da wuya da baya a miƙe kamar sanda. Mai babur kada a cire masa hular kwano sai in ta hana shi numfashi.

Jini kuma dannewa ake yi. Ɗankwali, rawani, riga, duk ƙyalle mai tsabta, a danna da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa don leƙe. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ban da ƙasa, ban da fetur, ban da man birki. Ƙarfe ko gilashin da ya shige jiki ba a zare shi, a tallafe shi ta gefe da gefe. In hannu ko ƙafa ne jini yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi kamar yatsu uku sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a sa sifana a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin a jikinsa da biro. Ba a kwancewa sai a asibiti.

Baban Khalifa:
Anti, ruwa fa? Mutum yana roƙon ruwa da sunan Allah, wa zai iya hana shi?

Anti Nas:
Na san da wuya Yaya, amma a hana. Ƙishirwar ta zubar jini ce, ruwan sha ba zai kashe ta ba. Wanda hankalinsa bai cika ba yana iya shaƙe ruwan ya tafi huhu, ko ya yi amai ya shaƙa. In kuma tiyata za a yi masa, cikin da yake da abu haɗari ne wajen sa barci. A jiƙa ƙyalle a shafa masa a leɓe, a lulluɓe shi, a yi masa inuwa. Wanda ya suma amma yana numfashi, in za a bar shi ko ya fara amai, a juya shi kan gefensa gaba ɗaya, ana riƙe da kai. Inda ruwa yake da aiki shi ne ƙuna: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai.

Direban Tirela:
Duk mun ji, amma a faɗi gaskiya, abu biyu ne suke hana mutane tsayawa. Na farko tsoron a kai mutum asibiti a ce sai da ɗan sanda, ko a riƙe wanda ya kawo shi. Na biyu tsoron tarko. Ni ra'ayina, da daddare a daji, kamar Falgore ko hanyar Birnin Gwari, kada kowa ya tsaya ko me ya gani.

Anti Nas:
Na farkon akwai doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Don kare kai, a kira 122 tun a wurin, a rubuta lambar motocin, a tafi da mutum na biyu. Wayoyi da kuɗin masu rauni a tattara a gaban shaidu a miƙa wa jami'ai. Masu ɗaukar bidiyo kuma su ji tsoron Allah, iyalai da yawa a Facebook suke fara ganin gawar nasu.

Malamin Islamiyya:
Malam Direba, ban ƙi maganarka ba, addini bai ce mutum ya jefa kansa a halaka ba. Amma tsakanin tsayawa da wucewa kamar ba ka gani ba akwai mataki. Ka rage gudu, ka lura da wurin, ka kira lambar da Anti ta bayar, ka tsaya a shingen jami'ai ko tasha ta gaba ka faɗa musu. Kada “ba a tsayawa a daji” ta zama hujjar wuce mai iyali da tsakar rana a bakin gari. Ya tabbata a hadisi cewa taimakon mutum a kan abin hawansa, ka ɗora shi ko ka ɗora masa kayansa, sadaka ne, haka kawar da abin cutarwa daga hanya.

Direban Tirela:
Na karɓa Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma wuri ɗaya ba zan sassauta ba: tankar mai in ta faɗi. Majiya a Jigawa, Oktoban 2024, sama da mutum 150. Mahaɗar Dikko a jihar Neja, Janairun 2025, mutane da dama. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da kwata ya yi nisa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Taimako a nan shi ne ka tsayar da motoci daga nesa, ka kori mutane, ka tsaya ta inda iska take tahowa.

Maman Ilham:
To mace ita kaɗai ko da yara, in wani ya tsaya taimakonta, yaya za ta yi? Kuma in an gama ana ba da kuɗi ne? Wani in ka ba shi sai ya ji haushi.

Oga Bakanike:
Hajiya, ta kira gida a gabansa ta faɗi inda take da lambar motarsa. Mutumin kirki ba zai ji komai ba. Makulli ya zauna a hannunta. In bakanike aka ɗauko daga ƙauye, a yi ciniki kafin ya kwance komai, kuma duk abin da ya ce ya lalace ya nuna mata, tsohon ya zauna a but ɗinta. Mai taimako namiji shi ma ya tsaya ta wajen bonet, kada ya ce ta shiga motarsa su je neman kaya ita kaɗai.

Kuɗi kuwa, a raba. Mai faci da bakanike sana'arsu ce, a biya su. Wanda ya ba da fetur a biya kuɗin man. Mai babur da ya yi kilomita 15 ya sayo fanbel ya dawo, a cika masa tanki ko bai tambaya ba. Wanda ya ce don Allah ya yi, a yi masa tayi sau ɗaya, in ya ƙi a yi masa addu'a a ƙyale shi.

Mai Wayarin:
Tunda an ambaci fetur, a daina zuƙa da baki. Ɗan kaɗan in ya shiga huhu yana kwantar da mutum, kuma yawancin motocin yanzu tiyo ba ya kaiwa tanki. A je da galan. A tambaya kuma fetur take sha ko gas, wato dizal, don mai gas in ta shanye sai an fitar da iska daga layin mai kafin ta tashi.

Direban Tirela:
Saura ja da igiya. A ɗaura a ƙugiyar da aka yi don haka, ba a bamba ko ƙarfen sitiyari ba. Igiya mita 4 zuwa 5, da jan ƙyalle a tsakiya saboda masu babur. Makullin motar baya ya kasance a kunne, in ba haka ba sitiyari zai kulle a kwanar farko. A gaya wa wanda yake ciki cewa inji a kashe birki yana tauri bayan an taka shi sau biyu ko uku, sitiyari ma haka, don haka kada a wuce gudun 30, kuma igiya ta zauna a miƙe. Mai atomatik ba a yin nisa da ita a igiya, famfon man giyarta sai inji yana aiki yake juyawa, giyar za ta ci kanta.

Mai Faci:
In an tayar da mota ko an sa safaya, mai taimako in hanyarsu ɗaya ya bi bayanta ko da kilomita 10 ne, yana kallon tayar ko tana rawa, da ƙasan motar ko ruwa yana ɗiga. A garin farko a tsaya wajen mai faci a auna iskar safaya, a gyara wadda ta fashe a lokacin, kada a ce sai an isa. Bayan kamar kilomita 50 a sake bin notunan da sifana, za a tarar ɗaya ko biyu sun ɗan saki.